Kunnen Doki a Ɗakin Gansakuka

Ku da kuke zama bakin tashar Kalgo kuna kirana mai gadin ruwan kwata, ku matso in gaya muku abin da ke cikin ruwan. Na ji ku sarai. Wai Nasiru ya samu aikin banza, yana zaune ɗaki mai fanka yana kallon koren ruwa na kumfa, wata ya ƙare a miƙo mai albashi. To, fanka dai akwai ta. Amma ba don ni anka sa ta ba, don kwalabe ne. Ranar da batirin sola ya yi ƙasa, ni ake cewa in fita waje in sha iskar Allah, su a bar musu fankar.

Shekara bakwai ke nan ina noman gansakuka. Awo, gansakuka, irin wadda uwayenku ke kankarewa daga gindin randa suna tsaki. Tamu dai 'yar gata ce, ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani sai sun taru sun rina ruwa. Muna renonta a wani ɗaki bayan gidan ƙyanƙyasar kifi na Dokta Arzika, tsohon malamin jami'a da ya aje aiki ya ƙi zaman gida. Gansakuka ta ciyar da wasu ƙananan ƙwarin ruwa, ƙwarin su ciyar da ɗiyan tarwaɗa, tarwaɗa ta girma ku ci ta da yaji kuna zagina.

Baffa Sambo ya kai ni, yayan babanmu, shi ne maigadin wurin. Manomi ne na Masama, cikin fadama ya tsufa, sai da gwiwa ta ce ya isa sannan ya karɓi gadi. Ni kuma lokacin na bar makaranta a aji biyar na sakandare. Ba korata anka yi ba, mun dai gaji da juna. Baffa ya ja ni gaban Dokta ya ce, "Ga shi nan, ranka shi daɗe. Yana da kai, amfani da shi ne bai fara ba."

Dokta ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ka iya ƙirga?"

Na ce, "Ya danganta da na wa ne."

Bai yi dariya ba. Ya nuna mini baho da soso.

Wankin kwalba shi ne karatuna na wata uku. Ku kuna ganin wanki ai wanki ne. A nan sai ka wanke da sabulu, ka ɗauraye har sabulun ya manta ya taɓa zuwa, ka sake ɗaurayewa da tataccen ruwa, ka zuba ruwan taki gwargwadon awo, ka toshe baki da auduga, ka jera cikin tukunyar tururi ta dafa su kamar kana dafa ganda. Duk don kada wani ƙwaro da ba a gayyata ba ya shiga. Ranar da anka fara ba ni dama in zuba iri da hannuna, na buɗe kwalba ina ba Dokta labarin wasan ƙwallo. Kwana huɗu ruwan ya yi fari-fari yana warin masai. Dokta ya ɗaga kwalbar ya ce, "Ga labarinka nan ya tsiro." Tun daga ranar in zan zuba iri nake ɗaure bakina da ƙyalle. 'Yan gidanmu da sunka ji sun tambaya ko ana sayar da ƙyallen.

Amma duk wanga shiga ce. Sana'ar kanta haske ce.

A ɗakin akwai kanta mai hawa uku, kowane hawa da dogayen ƙwayayen lantarki. Akwai injin iska da ke hura kowace kwalba ta siririn tiyo, don ruwan ya riƙa juyawa, wadda ke tsakiya ita ma ta fito gefe ta ga haske. Akwai agogon da ke kunna wuta da asuba ya kashe bayan isha'i, saboda ita ma gansakuka tana son nata daren. Sai wata 'yar mita mai ido guda da muke auna haske da ita. Dokta ya fi son mitar nan da motarshi.

Abin da na yi shekara kafin ya shige mini kai shi ne gansakuka ba gero ba ce. Ka rage mata haske, ta yi zaune kamar ma'aikacin da ba a duba rajista, tana nan da rai amma ba ta ƙaruwa. Ka ƙara kaɗan, ta tashi tana rabuwa, ɗaya biyu, biyu huɗu, ruwan ya yi kore shar. Ka ce bari in ƙara mata tunda tana so, sai ta tsaya, ta yi ruwan ɗorawa, ta koɗe, ta kwanta gindin kwalba. Kuma sabon zubi, wanda ruwan bai yi kauri ba, shi ya fi saurin ƙonewa, don babu 'yar uwar da za ta yi ma wata inuwa. Taƙi ɗaya na hannu tsakanin kwalba da ƙwai na iya raba ka da aikin sati biyu.

Wani mai kifi daga Wurogauri ya taɓa zuwa da farar jarka anka cika mai. Na ce, "Alhaji, ka aje ta inuwa mai haske, kamar gindin dalbejiya." Ya ce to. Ya je ya ɗora ta bisa rufin kwano cikin zafin bazara, wai ta yi saurin nuna. Kwana biyu ya dawo da jarka kamar ruwan wankin shinkafa, yana cewa mun sayar mai da matacce. Na ce, "Alhaji, kai ma in ka hau kwanon nan kwana biyu, haka za a sauko da kai." Dokta ya sa na ba shi haƙuri, ya kuma sa na cika mai wata. Masu kifi duk haka suke, kowa ya taso yana ganin rana na nuna hatsi, ba ka isa ka gaya mai akwai tsiron da rana ke kashewa ba.

Ƙirga kuwa ba a magana. Ka ɗiga ɗigo ɗaya bisa wani gilashi mai zanen gida-gida, ka sa ƙarƙashin madubin likita, ka yi ta ƙirga korayen ɗigo har idonka ya fara ganin su cikin tuwo. Kwalba goma sha takwas, kullum, kafin azahar.

To, mu zo ga muguwar shekara.

Ɗalibai kan zo wurinmu su yi aikin bincikensu, saboda muna da sola kuma Dokta na da haƙurin da ba ya nuna mini. Shekarar nan wata Malama Balkisu ta zo, malamar makaranta ce 'yar nan Kalgo, ta ɗauki hutun karatu tana digiri na biyu. Aikinta a baki mai sauƙi ne: a gano wane haske gansakukarmu ta fi so. Hawa na sama munka cika mai ƙwayaye har sai ka kanne ido. Na tsakiya daidai wa daida. Na ƙasa ƙwai guda, shi ma anka lulluɓe shi da gidan sauro ninki uku. Kwalba shida kowane hawa. Na sama munka liƙa musu jan salatif, na tsakiya ruwan ɗorawa, na ƙasa shuɗi. Ko wanda bai yi aji biyar ba ya san abin da za a gani: na ƙasa su yi nawa, na sama su koɗe.

Sati biyu anka gama zagaye na farko. Na sama da na ƙasa sunka yi kunnen doki. Kore ɗaya, ƙirga ɗaya, kamar uwa ɗaya ta goya su.

Malama ta ce ƙila kuskure ne. Munka wanke, munka dafa, munka sake zubi. Kunnen doki. Dokta ya ɗauko mitarshi ya auna kowane lungu na kantar, haske na nan yadda anka tsara. Ya ture ni daga madubi ya ƙirga da kanshi, ya samu abin da na samu, abin da na ga bai yi mai daɗi ba. Zagaye na uku ma haka. Sati shida sun tafi, ranar da za ta miƙa aikinta ta matso, hutunta na ƙarewa, kuma abin da ke hannunta shi ne takarda mai cewa gansakuka ba ruwanta da haske. Ta ce in ta kai wanga gaban malamanta, ko kujera ba za su ba ta ba.

Ranar wata Laraba Dokta ya kira ni ofis, Malama na zaune gefe.

"Nasiru, makullin ɗakin nan uku ne. Ɗaya nawa, ɗaya naka, ɗaya na Malam Sambo da ke leƙawa da yamma ya ga ko iska na tafiya. Wani na taɓa kwalaben nan."

"Ranka shi daɗe, ƙila aljanu ne masu son ilimi."

"Wane ne na kama bara ya cire ƙwan hawa na biyu ya jona wayoyin abokanshi guda biyar?"

"Huɗu ne, ranka shi daɗe. Ta biyar fitila ce."

"Ka je ka yi tunani. Ranar Litinin ko ka gaya mini abin da ake yi ma kwalaben nan, ko ka aje mini makulli ka koma gidanku Gwandu."

Kun ga illar suna. Duk garin nan in akuya ta ɓata ni ake fara kallo, alhali ban taɓa satar abin da ya fi rake ba.

Washegari mun tashi da la'asar kamar kullum. Har na kai bakin titi na tuna na bar wayata a jone, wannan karon a soket na halal. Na koma, rana ba ta faɗi ba. Na tarar da ƙofar ɗakin a buɗe, takalman Baffa a waje an jera su tsaf. Na leƙa. Ga Baffa Sambo ya naɗe hannun riga, ya rungumo kwalba mai shuɗin salatif kamar jinjiri, yana ɗora ta hawa na sama. Jajayen duk ya sauko da su ƙarƙashin gidan sauro. Har tiyon iska yake cirewa ya mayar, bai bar ko ɗaya babu kumfa ba.

Na yi sallama. Ya amsa bai ko juyo ba.

"Baffa, sannu da aiki. Mi ake yi?"

"Rabo."

"Rabon mi?"

"Kai ba ka da ido? Waɗanga tun safe suna cikin duhu kamar masu takaba. Waɗancan sun sha haske har ya ishe su. Mai gida guda, ruwa guda, taki guda. In kai anka yi ma haka, ka so?"

"Baffa, tun yaushe?"

"Tun randa yarinyar nan ta jera su. Na ga ku duka ba wanda ya lura, na ce yara ne, ba su san shuka ba. A fadama in ka sha ruwa yau, gobe ka buɗe ma na ƙasa da kai. Ba a gaya ma mutum wanga, gani shika yi." Ya gyara zaman wata kwalba. "In na yi sallar asuba, in na ga bakwai ta gota, in maishe su. Ja bisa, shuɗi ƙasa. Ban taɓa kuskure ba. Na tsakiya ban taɓa su, su Allah ya yi musu daidai."

Na yi lissafi a tsaye. Daga la'asar zuwa bayan isha'i, daga asuba zuwa bakwai da wani abu. Kusan rabin hasken yini ke nan. Wallahi ko da mita aka ba shi ba zai raba fiye da haka ba.

"Baffa, ai da gangan anka yi. So ake a ga wanda zai wahala."

Sai a lokacin ya juyo. "A sa abu wahala da gangan?"

"Don a rubuta."

"A rubuta a kai ma wa? Duba su, ɗan nan. Akwai wadda ta rame? Akwai wadda ta ƙone? Duk ga su nan shar. Ita yarinyar ko sannu ba ta ce ba, ni kuma ba don ta ce nika yi ba."

"Dokta ya ce ranar Litinin zai kore ni a kan kwalaben nan."

"Kai dai ka rage surutu, ba mai korarka." Ya ɗauki kwalba ta gaba. "Riƙe mani tiyon nan."

Na riƙe mai. Me zan yi? Baffana ne.

Ku da kuke cewa aikina sauƙi gare shi, ga lissafin da na kwana huɗu ina yi, ku gwada. In na yi shiru, na rasa aiki, in koma Gwandu da sunan wanda ya ɓata karatun matar mutane, kuma Baffa ya ci gaba da rabo ga duk ɗalibin da zai zo har Mahadi. In na ce Baffa ne, a gidanmu ba a taɓa yin ɗan da ya kai ƙarar yayan ubanshi gaban bare ba. Ko Dokta bai kore shi ba, maganar za ta riga ni isa gida, babanmu kuma ba zai tambayi mene ne gansakuka ba kafin ya nuna mini ƙofar zaure. Tsoho mai ciwon gwiwa, shi ya kawo ka, kai ka fitar da shi. Ba a karanta wanga a aji biyar, balle na shida da ban shiga ba.

Ranar Litinin na shiga ofis na aje makulli bisa tebur da kaina. Na ce, "Ranka shi daɗe, ni ne. Kullum in an tashi ina mayar da na ƙasa sama, na sama ƙasa. Da safe in mayar da su."

Malama Balkisu ta dafe kai. Dokta ya cire tabarau.

"Don me?"

"Tausayi. Na ga na ƙasa cikin duhu kamar masu takaba."

"Kamar masu takaba," Dokta ya maimaita a hankali, kamar yana ɗanɗana miyar da ya san ba matar gidan ta yi ba. "Kwalba goma sha biyu. Kowace da tiyonta. Sau biyu a yini, sati shida. Kai."

"Ni."

"Da safe ƙarfe nawa?"

"Bayan asuba."

Malama, da idonta ya riga ya yi ja, sai dariya ta kuɓuce mata. Ta ce, "Dokta, Nasirun da ke zuwa takwas da rabi da shatin tabarma a kumatu?"

Na ce, "Malama, komawa nake in ƙara."

Dokta ya tashi ya tsaya bakin taga. Daga nan ana hango ƙofar gida, ana hango Baffa bisa bencinshi da rediyo a kunne yana tufkar igiya. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya dawo ya zauna, ya tura mini makullina da ɗan yatsa.

"Tunda kai ne, kuma tunda Allah ya hore maka tashin asuba, za a sake aikin daga farko. Zagaye uku. Kai za ka buɗe ɗakin nan lokacin da wuta ke kamawa, kai za ka rufe in ta mutu. Ba Juma'a, ba Lahadi. In ka matsa, ka rufe da kwaɗo."

Da yamma na ji shi bakin ƙofa yana cewa, "Malam Sambo, matakalar ɗakin can ba ta yi ma gwiwarka kyau. Kawo makullin, yaron nan ya hutar da kai." Baffa ya ce ai ba komai, yana iyawa. Dokta ya ce ya sani, shi ya sa.

Sati shida na yi ina ganin fitowar rana, abin da da labarinshi kawai nake ji. Na ƙasa sunka yi nawa. Na tsakiya sunka yi kore har ba ka ganin yatsanka ta bayan kwalba. Na sama sunka taso da gudu kwana uku, sannan sunka koɗe sunka kwanta. Baffa kan zo ya leƙa ta taga da la'asar, ya girgiza kai ya ce, "Kun dai kashe su," ya koma bencinshi. Malama Balkisu ta samu abin rubutawa, amma 'yan ajinsu sun riga sun wuce, sai shekara ta gaba ta gama, tana koyarwa da safe tana rubutu da yamma. Wanga ba abin dariya ba ne, kuma ban yi ba. Ranar da ta zo kwashe kayanta ta ce mini, "Ka gaishe da mai asuba," ta wuce ta gaban benci ta durƙusa ta gaida Baffa kamar kullum.

Da babbar salla muna Gwandu, an cika zaure, an kawo tuwon shinkafa da soyayyen nama. Babanmu ya tambayi Baffa yadda nake a wurin aiki. Baffa ya aje lomar da ya ɗauka, ya gyara zama.

"Yaron nan sai addu'a. Ya je ya ɓata ma ɗiyar mutane karatu, shekara guda cur. Da bakinshi ya amsa gaban Dokta. Ba don ana ganin girmana ba, da yanzu yana nan yana cin tuwonka."

Babanmu ya kalle ni irin kallon da ke cewa bari baƙi su tafi. Na sunkuyar da kai ina ƙirga ƙwayoyin shinkafa, tunda ƙirga ce sana'ata.

Baffa ya tsinci hanta daga gabanshi, ya turo ta gefena cikin akushi ba tare da ya dube ni ba. Ya ce, "Sai dai a faɗi gaskiya. Wanda duk ya yi aikin nan, ya iya rabo."

Babanmu ya ce, "Kai dai Yaya, kullum sai ka goya mai baya."